Sabon Hannu da Tsohon Hannu a Asibitin Ƙauye

Wasiƙar farko daga wani ƙauye take a ƙaramar hukumar Maiyama, mai ita ta ce a sakaya sunanta. Ta gama Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega, aka tura ta ƙaramin asibiti, sai ta tarar da wata dattijuwa mai taimaka wa ma'aikata. Dattijuwar ba ta da takardar shaida, amma kullum cikin yi mata gyara take. Tambayarta ita ce: "Malam, dole ne in bi maganarta?"

To 'yata, ba dole ba ne, amma ki buɗe kunne. A Jega an koya miki cewa maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ita kuwa Inna, wato dattijuwar, ta san lokacin da ƙanƙarar akwatin rigakafi ke narkewa a zafin Afrilu. Ta san uwar da ba za ta ƙara dawowa ba in aka ɗaga mata murya, da gidan da sai an gaida maigida kafin a taɓa yaro. Je ki Aliero ki ga masu ɗori: yaro kan daɗe yana riƙe ƙafar majinyaci, idonsa a kan hannun ubansa, kafin a bar shi ya ja ƙashi.

Sai dai akwai inda ba a yin kara. Kin san alamar nan ta jikin kwalbar rigakafi, ɗan murabba'i a cikin da'ira. Da zarar ya yi duhu ya kamo da'irar, maganin ya tashi aiki, ko da Inna ta rantse lafiyarsa lau. Na ƙyanda kuma, in an haɗa shi, awa 6 ne iyakarsa, sai a zubar. A nan littafin ƙa'idar aiki ne gaba da kowa, kuma in an samu matsala ke za a tuhuma, don ke ke da lasisi. Ki gaya mata cikin ladabi, amma kada ki ja da baya.

Wani dattijo daga Jega ya turo saƙo yana kukan yaran yanzu ba sa son gyara. Baba, a ina kake yin gyaran? In a gaban marasa lafiya ne, ka zubar wa yaron da mutunci, gobe ba uwar da za ta miƙa masa ɗanta. Bari a watse, ka ja shi gefe ka nuna masa, sannan ka ba shi ya yi da hannunsa kana tsaye.

Masu wasiƙun da ba mu kai gare su ba, ku yi haƙuri, mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.