Darasi Na 14: Ƙwayoyin Cuta Masu Tauri

Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, ba mu ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke sa miki ya yi mugunya.

A shekarar 1928 wani likita a Landan, sunansa Fleming, ya gano penisilin, maganin da ke kashe da yawansu. A 1945 ya yi gargaɗi cewa in magani bai isa ba, ƙwayoyin za su saba da shi.

Haka kuwa aka yi. In mun sha magani barkatai, raunana su mutu, masu tauri su saura, su hayayyafa.

A 1959 likitocin Japan suka gane wani abu. Taurin nan yana cikin wani ɗan zaren gado a jikin ƙwaya. Takan miƙa wa wata, ko ba jinsinsu ɗaya ba, kamar yadda ɗan tauri ke ba abokinsa asiri.

Abin ya fi muni a asibiti, inda majiyyata ke kwance kusa da juna. Hannun da ba a wanke ba shi ke kai ƙwaya daga gado zuwa gado. A 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum fiye da miliyan ɗaya a duniya.

Saboda haka kada mu sayi kafso ko allura sai likita ya rubuta. Mu sha yadda ya ce. In mun je jinya, mu wanke hannu da sabulu. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya: Yaya ƙwaya ke samun tauri?