Kwana a Tsibiri: Wa Ake Tambaya?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Apo, Abuja. Ƙanena da ke karatu a Sikotland ya ce a can mutum kan kafa tanti ya kwana a tsibiri ba tare da neman izinin kowa ba. Gaskiya ne? Ni da abokaina za mu iya yin haka a madatsar Usuma ko a tafkin Kainji?

Amsa: Malam, ƙanenka bai yi ƙari ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Dokar da majalisar Sikotland ta yi a 2003, wadda ta fara aiki a 2005, ta ba kowa damar shiga yawancin filaye da ruwaye, ko da na wani ne. Amma da sharaɗi: ku kasance 'yan kaɗan, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri guda, ku nisanci gidaje da amfanin gona, ku kwashe shararku. Mai bayan gida ya yi nisan mita 30 da ruwa, ya binne. A Norwe ma, dokar 1957 ta ce tanti ya nisanci gidan da ake zaune da mita 150. Kuma ana iya taƙaita damar. Da ɓarnar masu kwana ta yi yawa a bakin tafkin Lomond, daga 2017 aka wajabta takardar izini a wasu sassansa tsakanin Maris da Satumba.

Mu nan ba mu da irin wannan doka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta Abuja kuwa mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Kada hakan ya sa ka ɗauka fili na kowa ne. Usuma, can wajen Ushafa, ita ke shayar da Abuja, kuma tana hannun Hukumar Ruwa ta birnin. Sai da izininta, kuma ni dai ba na ganin dacewar mutane su kwana su yi wanka da wanki a bakin ruwan da gari ke sha.

Batun Kainji ya fi faɗi. Tsibiran da ke wajen Yawuri ba kufai ba ne. Gungawa na nomansu suna kamun kifi tun kafin a kammala madatsar a 1968. Wurin da baƙo zai ɗauka jeji ne, wataƙila gonar albasa ce ko mashanyar koma. Don haka a fara da gaida mai gari da sarkin ruwa. Su ne suka san inda dorina ke fitowa kiwo da dare, da gaɓar da ruwa ke shanyewa in ya ƙaru. Tsibirin Foge kuma matattarar tsuntsaye ce da duniya ta san da ita, hayaniya da wuta na tarwatsa su. Da rani ku dafa a kan risho, domin ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa.

Saura abu biyu. Kada ku hau kwalekwale da dare, ko wanda aka cika maƙil, ko babu rigar kariya. Hatsarin kwalekwale na Warra a Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa. Sannan dazukan Kainji sun daɗe suna fama da 'yan bindiga. Ku tuntuɓi 'yan sandan yankin tun kuna Apo. In suka ce a dakata, ku dakata. In kun je, ku yini ku dawo ku kwana cikin garin Yawuri.