Tsarin Fagen Dambe da Aikin Mai Jagorancinsa

Dambe asalinsa wasan mahauta ne, wanda akan yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Ko da yake mai kallo naushi kaɗai yake gani, wasan ba ya tafiya sai da tsari, kuma nauyin wannan tsari yana wuyan Sarkin Dambe da alƙalin wasa.

Da farko akan share fage, a kawar da duwatsu da ƙayoyi, sa'an nan a keɓe wa makaɗan kalangu wurinsu. Akan fara bayan La'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi. Yara ne ke buɗe fage, sai samari, daga bisani manyan 'yan dambe su fito.

Mafi wuyar aikin shi ne haɗa abokan karawa. Idan aka haɗa sabon shiga da gwani, to, an jefa ransa cikin haɗari. Haka kuma wajibi ne a duba zaren da aka naɗe a hannun bugu, kada a ɓoye ƙarfe a ciki.

Turmi uku ake yi, kuma duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. A nan ne alƙali zai shiga tsakani ba tare da jinkiri ba, domin zuga irin wadda Ɗan'anace ya yi wa Shago takan sa ɗan dambe ya manta da ciwo. Saboda haka gwanintar jagora ba ta wuce sanin lokacin raba su ba.