Hanyoyin Karatun Sanawiyya a Saudiyya: Jawabi ga Wani Uba Mazaunin Ulaisha

Wani bawan Allah mutumin Katsina, wanda ya daɗe yana neman halalinsa a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, ya aiko da mas'ala game da 'yarsa da take shekarar farko ta sanawiyya, watau babbar sakandare. Ya ce lokacin zaɓen hanyar karatu ya ƙarato, ita ranta yana ga likitanci, shi kuwa ya fi son ta shiga ɓangaren shari'a, domin a ganinsa wanda ya zauna a wannan ƙasa ya koma gida ba tare da ilmin addini ba ya yi babbar hasara.

Malam, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, tsarin da ka sani a da, na raba yara gida biyu, ilmi da adabi, ya riga ya shuɗe. Tun shekarar 1443 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 2021, Ma'aikatar Ilmi ta shigo da tsarin da suke kira masarat, inda dukan ɗalibai suke tarayya a shekarar farko, sa'an nan a sauran shekaru biyun su rabu hanya biyar: hanyar gama-gari, da ta lafiya da rayuwa, da ta kwamfuta da injiniyanci, da ta gudanar da kasuwanci, da ta shari'a. A ta shari'a ana zurfafawa cikin tafsiri da hadisi da fiƙihu da usulu da fara'il, ana sassauta kimiyya. A ta lafiya kuwa nauyin yana kan ilmin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks da sanin jikin ɗan Adam. Ba kowace makaranta ce take da hanyoyin nan duka ba, kuma sakamakon shekarar farko yana da tasiri wajen samun gurbi, saboda haka shekarar da take ciki yanzu ba ta wasa ba ce.

Game da burinka na addini, ban raina shi ba ko kaɗan, sai dai ina tunatar da kai abin da malamanmu suka rarrabe tsakanin farali aini da farali kifaya. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilmin likitanci da na hisabi cikin faralin kifaya, wanda in aka rasa mai ɗaukarsa a gari, laifi ya hau kan kowa. Duk wanda kuwa ya taɓa raka matarsa ko mahaifiyarsa asibiti a ƙasarmu, ya ga yadda mata suke jimre ciwo saboda kunyar likita namiji, ya san cewa wannan farilla har yanzu ba mu sauke ta ba. Ga shi kuma darussan addini ba su fita daga manhajar kowace hanya ba, halƙoƙin haddar Alƙur'ani na mata kuma suna ko'ina a Riyad da yamma. Ilmin shari'a tana iya riskarsa ko tana da shekara arba'in, amma yarinyar da ta bar kimiyya tana da shekara goma sha shida, komawa gare ta sai da wahala mai yawa.

Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wadda ban ji ka ambata ba, ita ce: a ina za ta yi jami'a? A nan ne iyaye da yawa suke tuntuɓe. Ɗan baƙo mai iƙama, watau takardar izinin zama, yana shiga jami'ar gwamnati a Saudiyya ne ta ƙofar minha, watau gurbin tallafi, bayan ya zauna jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili, kuma a galibi wannan ƙofa ba ta kaiwa ga kwalejojin likitanci. Abin da ya rage shi ne jami'o'in kuɗi, waɗanda ɗawainiyarsu ta fi ƙarfin mafi yawanmu. Idan kuwa gida za ta koma, ko Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, to, za a nemi kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da ilmin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, sa'an nan ta zauna JAMB, wadda ake yin ta da Turanci, alhali ita duk kimiyyarta da Larabci ta karanta ta. Sau da yawa yaro yakan san amsa sarai a zuciyarsa, ya kasa gane tambayar da take gabansa, sai a ɗauka daƙiƙi ne, alhali harshe ne kaɗai ya tsare masa hanya.

Shawarata ita ce, in makinta ya kai, ka bar ta ta shiga hanyar lafiya. In kuwa babu ita a makarantun da suke kusa da ku, ko zuciyarta ba ta gama tsayawa ba, hanyar gama-gari ta fi aminci, domin ba ta yanke ta daga kimiyya. Ka je da kanka, ko mahaifiyarta ta je, a zauna da malamar da take ba ɗalibai shawara, a ga jadawalin darussa da ido, kada a dogara ga ji-ta-ji-ta ta majalisa. Tun bana ka samo mata littattafan kimiyya na sakandaren Nijeriya da tsofaffin takardun WAEC ko NECO, ta riƙa bin kowane babi da harsuna biyu, ka kuma tuntuɓi ofishin jakadancinmu game da inda ake zama waɗannan jarrabawa da yadda ake tantance shahadar Saudiyya a Abuja, tun kafin buƙata ta matso. Sa'an nan ku yi istihara, kai da ita, bayan kun gama shawara.

Ku kuma sauran iyaye mazauna Riyad da Jidda da Makka da Madina, ina roƙonku kada ku bari a cika takardar zaɓen hanyar karatu a daren ƙarshe. Ku zauna da 'ya'yanku tun farkon shekara, ku ji abin da yake ransu, ku kuma gaya musu gaskiyar abin da aljihunku zai iya.