Mu biyar, kowa da nasa kwafin

Tambaya: Malam, mu biyar ne muke rubuta manhajar nazarin ruwan sama a sashenmu. Kowa da nasa kwafin, ta WhatsApp muke tura wa juna. Jiya sakamakona ya saɓa da na abokin aikina, har rai ya ɓaci. Ina mafita? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, gara da saɓanin ya fito tun kafin ku wallafa. Tsakanin 2006 da 2007 wani masani a Amurka ya janye maƙaloli biyar saboda kuskure a manhajar da ya yi amfani da ita.

Ku tattara aikin wuri guda da manhajar Git, ku ɗora a shafin GitHub. Duk wanda ya yi gyara ya rubuta dalili, wani kuma ya karanta kafin a haɗa. Wannan karatun na fi ba muhimmanci, domin ido biyu ya fi ɗaya, ƙarami ma ya duba na babba.

Sannan ku ware bayanan damina guda da kuka lissafa jimillarta da hannu, ku riƙa gwada manhajar da su bayan kowane gyara.

Kada ki shiga neman mai laifi. Gobe ki zauna da abokin aikinki, ku bi kwafin biyu layi-layi.