Ci-rani da Ganin Gida: Nazarin Kalmomi Biyu

A Ɗan Isa, ta ƙasar Ƙaura Namoda, ba a haɗa ɗan ci-rani da mai ganin gida. Ɗan ci-rani yakan fita bayan kaka, ya komo kafin shuka, domin gonarsa na jiransa. Isowar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929 ta sauƙaƙa wannan tafiya. Mai ganin gida kuwa ya riga ya zauna wata ƙasa, kamar zangon Kumasi. Yakan zo da tsaraba lokacin salla, ya koma. Ke nan ci-rani neman abinci ne, ganin gida kuwa riƙon dangantaka. Wanda ya daina zuwa, 'ya'yansa sukan tashi ba su san danginsu ba. Don haka Bahaushe ke cewa zumunta a ƙafa take.