DARASINMU NA WANNAN FITOWA: Mai Kai Taimako Ma Baƙuwa Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Duk wadda ta zauna a ajin Islamiyya ta san hadisi na 15 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda ya haɗa imani da Allah da Ranar Lahira da girmama baƙo. Na yi shekaru ina karantar da shi, amma kullum ta ɓangaren mai masauki nake kallonsa. Ladubban da ke kan shi baƙon ban taɓa zama na yi musu tunani ba, sai da na zama baƙuwa a ƙasar mutane, na yi kuskuren da ya kusa ɓata aikin da ya kai ni. A kan wannan darasinmu na yau zai tsaya, in Allah Ya yarda.

YADDA TAFIYAR TA KASANCE

A watan Janairu na shekarar 2024 ni da maigidana muka tafi ƙasar Gambiya aikin sa-kai na wata huɗu, ta hannun wata ƙungiya mai taimaka wa makarantu. Shi yana koyar da lissafi a sakandare, ni kuma aka ba ni ajin matan aure da yamma, karatun Alƙur'ani da hukunce-hukuncen tsarki da salla, da safe kuma ina taya malaman wata madarasa aiki.

Gambiya ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasashen da ke kan doron nahiyar Afirka. Siririya ce, ta bi gaɓar kogin Gambiya hagu da dama, Senegal ta kewaye ta in ban da bakin teku. Ta samu 'yancin kai daga Ingila a 1965, mutanenta ba su kai miliyan uku ba, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne, galibi 'yan mazhabar Malikiyya kamar mu. Akwai Mandinka, su ne mafiya yawa, da Fulani, da Wolof, da Jola, da Sarahule. Mu an kai mu wani ƙauyen Mandinka ne a yankin Jarra, kusa da garin Soma, ba nisa da babbar gadar Senegambiya da aka buɗe a 2019.

Ranar da muka isa ba a kai mu masauki kai tsaye ba. Sai da aka sayi goro aka kai mu gaishe da mai garin, wanda suke kira alkalo, sannan limami. Daga nan aka danƙa mu a hannun wani gida. A wurinsu kowane baƙo, luntango, dole ya kasance da jatiyo, wato mai masaukin da zai tsaya masa a gari. Uwargidan wannan gida dattijuwa ce mai kimanin shekara sittin. Yaranta na kiranta Nna, ni ma na bi sahu, don ya yi mini kama da Inna.

KWANON DA NA MAYAR

Tun washegari, kullum bayan azahar sai ga yarinya da babban kwano a ka. Yau domoda, wato shinkafa da miyar gyaɗa mai kauri. Gobe benacin, dafa-dukarsu da kifi da kabeji da rogo da gauta. Jibi supakanja, miyar kuɓewa da manja da ƙyafaffen kifi. Wallahi ba a taɓa fashi ba.

Ni kuwa abu biyu suka dame ni. Na farko, supakanjar nan ba ta karɓe ni ba, ƙamshin kifin ya yi mini ƙarfi, har sau biyu na mayar da kwanon kusan yadda ya zo. Na biyu, na ga halin gidan. Mutum ya fi ashirin, kuma Nna tun asuba take tafiya lambu tana jan ruwa da guga tana ban-ruwan albasa. Sai zuciyata ta ce mini: ke da kika zo taimakonsu, ya za ki zauna kina cin guminsu? Ranar da muka cika mako biyu sai na wanke kwanon, na naɗe Dalasi 500 na sa a ciki, na ba yarinyar. Ni a ganina na yi abin kirki.

Da magariba kuɗin suka dawo, an ƙulle su a tsumma. Abinci bai daina zuwa ba, amma Nna ta daina leƙowa. Gaisuwarta ta koma gajera. Ajina da ke tara mata kusan talatin, kafin mako ya zagayo ya koma mu bakwai. Na shiga zargin ko Turancina ne ba sa ganewa, ko mai yi mini tafinta ce ba ta iya ba.

Wata malama Bafulatana da muke aiki tare a madarasa ita ta cece ni. Ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ki yi haƙuri zan gaya miki gaskiya. Maganar da ke yawo a bakin rijiya ita ce kina ƙyamar abincinmu, kuma kin mai da gidan Nna gidan sayar da abinci. Matan nan suna cewa, wadda ba ta iya cin abin hannunmu ba, ya za mu ci abin bakinta?"

'Yar uwa, ranar ban yi barci ba. Ashe ni da na zo koyar da ladubba, ni ce na rasa su. Da gaskiyar Bahaushe da ya ce baƙo ko da ido, makaho ne.

ABIN DA ADDINI YA RIGA YA KOYA MANA

Da na koma kan littattafaina, sai na ga ba abin da Musulunci ya bari.

Na farko, karɓar kyauta ibada ce kamar bayar da ita. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA), mu mata Manzon Allah (SAW) ya kira musamman, ya hana maƙwabciya ta raina kyauta tsakaninta da maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne. Malamai sun ce hanin ya shafi mai bayarwa, ya kuma shafi mai karɓa. Ni da na sa kuɗi a kwano, na mai da sadakar Nna ciniki. Ladan da take nema wurin Allah na so in biya ta da takarda.

Na biyu, ba a kushe abinci. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Kuma lokacin da aka kawo masa naman dabbu, wani dangin damo na sahara, bai ci ba, amma ya bayyana dalili a fili, cewa ba haram ba ne, ba abincin ƙasar mutanensa ba ne kawai. Khalid bin Walid (RA) ya ci a gabansa. Kin ga ke nan ba laifi ba ne wani abinci ya ƙi karɓarki. Laifina shi ne shirun da na yi, na bar mutane suna fassara shi yadda suka ga dama.

Na uku, tsoron kada baƙo ya zama nauyi yana da asali. A hadisin Abu Shuraih (RA) an nuna cewa liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. To damuwata daidai ce, hanyar da na bi ce ba daidai ba. Kowace ƙasa da ƙofar da ake shigar da alheri ta cikinta, sai an tambayi 'yan gari.

Na huɗu, Allah Ya gargaɗe mu a Suratul Baƙara aya ta 264 kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Gori ba sai da baki ba. Mai aikin taimako tana iya yin gori da kallo, da tsame hannu, da nuna cewa ita kullum mai bayarwa ce, su kuma kullum masu karɓa. Wannan cuta ce mai saurin kama masu aikin sa-kai, kuma ba a jin shigarta.

YADDA AKA GYARA

Malamar nan ta raka ni. Muka sayi goro da sukari, na haɗa da kilishi da yajin da na taho da su daga gida. Su ma suna da al'adar tsaraba, silafando suke ce mata. Na durƙusa gaban Nna na ba ta haƙuri. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta yi magana, malamar ta fassara: "Baƙo ba ya sanin rami sai ya faɗa. Gobe kada a kai mata kwano, ta zo nan mu ci tare."

A bakin kwanon nan na yi karatun da ban yi a kwaleji ba. Mata da yara muke zagaye shi, maza nasu daban. Kowa na cin gabansa, ba mai ƙetare wa wani, yara na dafe bakin kwano da yatsa suna sunkuyar da kai. Kifi da kayan lambu suna tsakiya, uwargida ce ke gutsurawa tana tura wa kowa, kuma mafi kyau gaban baƙuwa yake faɗawa. Na tuna umarnin da Annabi (SAW) ya yi wa yaron nan Umar bin Abi Salama (RA) na ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa. Mu muna haddace shi a aji, su ga shi suna aiki da shi kullum. Supakanja kuwa, na gaya wa Nna gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar in an yi ta sai a ɗebar mini miya kafin a zuba kifin.

Maganar nauyi kuma, sai aka nuna mini hanya. Kuɗi a kwano zagi ne, amma buhun shinkafa da maigidana zai kai wa maigidan a matsayin gudummawar ɗan gida, wannan mutunci ne. Ranar kasuwar mako in sayo kifi ko mai in ajiye a madafa ba tare da na ce komai ba. Ranar Lahadi in bi su lambu. Gugata ta farko sai da tafin hannuna ya yi kanta, suka yi ta yi mini tsiya, amma ranar Litinin aji ya cika har waje.

Na kuma dage da koyon gaisuwa, don a can gaisuwa ba a yi mata gaggawa. A tambayi mutanen gida, a tambayi lafiya, a yi ta ambaton sunan zuriyar mutum don girmamawa. In an ce "Kayira be?" sai ki ce "Kayira dorong", wato alheri kaɗai. Godiya kuma "Abaraka". Ki duba: kayira da alheri, abaraka da albarka, alkalo da alƙali, duk daga Larabci muka ɗebo mu da su. Makarantar allo ma karanta suke ce mata. Zoɓonmu shi ne wonjo, adashinmu shi ne osusu. Na fahimci ayar nan ta 13 a Suratul Hujurat, da ta nuna an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, fahimtar da ban taɓa yi mata ba.

Azumi ya same mu a can, a watan Maris, ga zafi kamar na Sakkwato. Da an sha ruwa kwanuka ke ta gilmawa tsakanin gidaje: kunun gero da suke kira mono, da shayin ganyen kinkiliba, da burodin tapalapa. Ni ma na soya waina na rarraba, har mata uku suka zo koyo. Ƙaramar Salla, wadda suke kira Korite, Nna ta ɗinka mini atamfa iri ɗaya da ta 'ya'yanta. Wannan karon ban tambayi kuɗinta ba.

IYAKAR DA BA A ƘETAREWA

Kada wata ta fahimci cewa zama baƙuwar kirki shi ne bin duk abin da aka tarar. Karin maganar nan ta wanda ya je gari ya ga kowa da wutsiya tana da iyaka, iyakarta kuwa shari'a. Akwai mazan da suka miƙo mini hannu, na dafe ƙirji na gaishe su da fara'a, ba wanda ya ji haushi. Akwai kurakuran tsarki da na tarar, na gyara su a aji. Amma na lura gyaran bai shiga ba sai bayan da na ci abincinsu. Kunnen mutum ba ya buɗewa ga wanda ya raina shi.

ABIN DA ZA MU RIƘE

1. In aikin taimako ya kai ki wani wuri, ko wata ƙasa ce ko ƙauyen da ke bayan garinku, ki shiga a matsayin baƙuwa kafin malama.
2. Ki nemi 'yar gari mai gaskiya tun ranar farko, ki tambaye ta abin da ake so da abin da ake ƙi.
3. Ki karɓi abin da aka ba ki da fara'a. In ba za ki iya ci ba, ki faɗi dalili da lafazi mai daɗi.
4. Ki rama alheri ta hanyar da mutanen wurin suka sani, ba ta hanyar da ta fi miki sauƙi ba.
5. Ki koyi gaisuwa da godiya da harshensu, ko da kalma biyar ce.
6. Mu da muke gida kuma, mu dubi baƙin da ke cikinmu: amaryar da aka kawo daga nesa, 'yar hidimar ƙasa, matar da rikici ya koro. Wa ke tsaya musu?

Ranar da za mu taho, Nna ta miƙo mini hannun hagu. Na yi turus. Aka ce mini al'adarsu ce in tafiya mai nisa ce, wai don a sake haɗuwa a gyara kuskuren. Ni dai na san sunna dama ce, amma yanzu na san abin da take nufi. Sai na kama hannun nata da hannuwana biyu, muka yi ta kuka.

Allah Ya saka wa Nna da mutanen garinta da alheri, Ya yafe mana kurakuranmu, Ya sa ayyukanmu su zama dominSa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.